Babi na biyu ya dawo da jan biro: a ina ake koyon rubutun bincike?

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Ina digiri na biyu a fannin ilimi, na kai wa malamin da ke duba aikina babi na biyu na kundina, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya dawo mini da shi. A gefen kusan kowane shafi tambaya ɗaya ya rubuta da jan biro: ke me kika ce? Wallahi na yi karatu bakin gwargwado, kuma duk maganar da na kawo na faɗi mai ita. Darasin hanyoyin bincike da muka yi ya koya mana lissafi da ɗibar samfur, amma ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake gina sakin layi. Don Allah a ina ake koyon wannan?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki je sashenku ki ari kundayen waɗanda suka gama, ki bi sawunsu. Haka kowa ke yi.

Dakta na Rijiyar Zaki: Abu Fatima, tsohon kundi zai nuna mata yadda ake tsara babi da shafin sadaukarwa, iyakarsa ke nan. Da yawa daga cikin kundayen nan cutar da ake kuka da ita a jikinsu take, kowa ya gada daga na gabansa.

Hajiya, abin da ɗalibai suka saba yi a bitar ayyukan da suka gabata shi ne jerantawa. Wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, su wane suka ce kaza, shafi bayan shafi. Mai karatu ya kai ƙarshe bai san wa ya yarda da wa ba, bai san inda aka yi saɓani ba, bai kuma san abin da ya kawo ki cikin maganar ba. Ki ɗauka kin tara masanan nan a zaure ɗaya, ke ce mai masauki. Ke za ki haɗa masu ra'ayi ɗaya wuri guda, ki nuna wanda ya ware da dalilinsa, ki kuma faɗi tambayar da duk cikinsu ba wanda ya amsa. Wannan tambayar ita ce giɓin da bincikenki zai cike. Mene ne taken aikin naki?

Maman Khalil: Allah ya ƙara wa Dakta lafiya. Dalilan da ke sa 'yan mata barin makarantar sakandare a Jihar Kano.

Dakta na Rijiyar Zaki: To, ga matsala ta farko tun daga take. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 ne. Yarinyar da ke Fagge da wadda ke Doguwa ba lalle abu ɗaya ne ya fitar da su daga aji ba, kuma ke kaɗai ba za ki zagaye su da kuɗin aljihunki ba. Ki ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu, misali Ungogo da Kumbotso, ki kuma zaɓi mataki ɗaya, kamar tsallakawa daga ƙaramar sakandare zuwa babba. Da zarar farfajiyar bincike ta ƙuntata, rabin abin da kika cusa a babi na biyu zai zube da kansa, domin za ki ga ba ruwansa da tambayarki.

Sannan kafin ki sake rubuta ko jimla ɗaya, ki zana jadawali. Kowane aiki da kika karanta ya samu layi guda: wa ya yi, wace shekara, a ina, da su wa ya yi magana, ta wace hanya, me ya gano, me ya bari bai duba ba. Idan layukan suka taru, ki daina karanta su daga hagu zuwa dama, ki karanta daga sama zuwa ƙasa. A nan ne ido zai buɗe. A ce kin lura mafi yawansu takardar tambayoyi suka raba wa malamai da shugabannin makarantu, 'yan matan da suka bar karatun kuwa ba a ji ta bakinsu ba. Wannan lurar taki ce, ba a littafin kowa kika ɗauko ta ba. Da ita za ki buɗe sakin layi, sunayen masana su biyo baya a matsayin shaidu. Kowane sakin layi a babin nan ya kamata ya fara da magana irin wannan.

Injiniya: Da izinin Dakta, ni ina ganin muna kewaye-kewaye ne. Matsalarmu Turanci ce. Yaro ya yi firamare da sakandare bai taɓa rubuta shafi biyu na kansa ba, ya shigo jami'a ya haddace takardun malami ya zuba a jarrabawa, rana ɗaya a ce ya rubuta shafi ɗari da harshen da ba ya magana da shi a gida. Dole ya kwafa. Ya san in ya sake jimlar marubucin da bakinsa zai ɓata ta.

Malama ta Gwale: Injiniya, maganarka akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai ƙarshe ba. Mu a fannin Hausa da Hausa ɗalibanmu ke rubuta kundi tun daga digiri na farko har na uku, harshen da suka sha a nono. Amma wannan jerantawar da Dakta ya kwatanta muna ganin ta kullum. Ɗalibi zai kawo ma'anar karin magana daga masana bakwai, ya rufe babin bai ce wacce ya ɗauka ba. Da harshe ne kaɗai ciwon, da namu sun warke. Ga kuma ƙa'idojin rubutu, waɗanda ake ɗauka kowane Bahaushe ya iya: a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, har ma'ana ta sauya.

Injiniya: Na ji, Malama. Amma kin yarda mai rubutu da Turanci kaya biyu ya ɗauka.

Malama ta Gwale: Na yarda. Shi ya sa nake ba su shawarar su raba kayan. Ka faɗi abin da kake son faɗa da Hausa, da baki, ga wanda ba ɗan fanninka ba, ko ka naɗa a waya ka saurara. In maganar ta tsaya da ƙafarta, sai ka zauna ka nemo mata Turanci mai sauƙi. In kuwa da Hausar ma ka kasa, to ba ƙamus kake buƙata ba tukuna, komawa karatu za ka yi.

Dakta na Rijiyar Zaki: Kuma Turancin da ake nema ba mai nauyi ba ne. Ɗalibanmu na ɗauka manyan kalmomi su ne ilimi, sai ka ga jimla ɗaya ta cinye layi shida, mai ita kansa ya manta inda ya faro. Mai jarrabawa na waje ya fi son gajeriyar jimla da ya gane a karatu ɗaya.

Injiniya: A nan mun haɗu. Bari in ba da misali daga ɓangarenmu, don 'yan kimiyya da ke karatu shiru su amfana. Ɗalibai da yawa na aiki kan ruwan masana'antu: majemun Challawa da Sharaɗa, da ruwan Bompai da ke bi ta Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa. Sai ka ga an rubuta wai an ɗebi ruwa daga wurare daban-daban, an kai ɗakin gwaji, an samu sinadarin kuromiyam da yawa. Wannan ba rahoto ba ne. A wane wuri aka ɗiba, da lambobin GPS? Da rani ko da damina? Ruwan sama yana tsarma abin da ke cikin rafi, sakamakon Afrilu da na Agusta ba za su zo ɗaya ba. A wace irin kwalba, an sa asid don adanawa ko ba a sa ba, awa nawa kafin gwaji, wace na'ura, sau nawa aka maimaita? Sannan da yawa idan aka gwada da me? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 0.05 mg/L a matsayin ma'aunin kuromiyam a ruwan sha. Ka rubuta adadinka, ka rubuta wannan kusa da shi, ka kuma faɗa cewa na ruwan sha ne, don ruwan ban lambu ma'auninsa daban. Babin hanyoyin bincike yana cika ne idan wani a Zariya ko Maiduguri zai iya ɗaukarsa ya maimaita aikin ba tare da ya kira ka a waya ba.

Ɗan Kurna: Injiniya, tunda an zo nan, me ya sa kusan kowane kundi a ɓangarenmu na zamantakewa mutum 384 ne samfurinsa, wato adadin mutanen da aka zaɓa don binciken? Ni ma haka aka ce in sa.

Dakta na Rijiyar Zaki: Daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 adadin ya fito. Shi ne abin da lissafin ke bayarwa idan jama'ar da ake nazari suna da yawa ƙwarai, bisa tabbacin kashi 95 cikin ɗari da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Amma yana da sharaɗi: a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, kowa na da dama daidai da kowa. Wanda ya tsaya a bakin Kantin Kwari yana miƙa wa duk wanda ya yarda ya karɓa bai cika wannan sharaɗin ba, ko da ya tara 384 cif. Ba laifi ba ne ka bi hanyar da ta sawwaƙa maka, laifin shi ne ka ɓoye. Ka rubuta ainihin yadda ka yi, ka faɗi iyakar abin da sakamakonka zai iya nunawa. Wannan ma rubutu ne, kuma a wurin kare kundi shi ke cetonka.

Malam na Ƙofar Na'isa: Allah ya saka wa kowa. Ni Hadisi na karanta, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda 'ya'yanmu ke ɗaukar madogara da manazarta kamar wata wahala ce da boko ya ƙirƙiro. Mu ne ma ya kamata mu fi kowa riƙo da ita. A muƙaddimar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi yana daga addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu na zaure ba sa karɓar magana sai sun ji daga wa. Abin da na fi gani a kundaye shi ne ɗalibi ya ambaci littafin da bai taɓa riƙewa ba. Ya gan shi a aikin wani, shi ma wancan a aikin wani ya gani, har a yi shekaru ana yawo da kuskuren shafi ko na shekara. Idan ba ka ga asali ba, ka ce wane ya ce, kamar yadda wane ya kawo. Amana ce.

Ɗan Tarihi: Malam ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. A fanninmu kowa na ambaton Tarihin Kano, wanda asalinsa da Larabci yake, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1908. Kaɗan ne suka zauna suka karanta fassarar, balle Larabcin. Ga Gidan Ɗan Hausa nan cikin gari, ga Gidan Makama, ga Gidan Mambayya a Gwammaja ga mai nazarin siyasar Malam Aminu Kano da NEPU. Kaduna ma ba nisa, akwai Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa mai ɗauke da fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa. Wanda ya taɓa takarda ta asali da hannunsa, rubutunsa yana sauyawa, don ya samu abin faɗa da ba a bakin kowa ya ji ba.

Ɗan Kurna: To malamai, kada a yi mini faɗa, amma ya batun ChatGPT? Abokaina da shi suke babi na biyu cikin dare ɗaya, kuma Turancin ya fi nawa kyau.

Ma'aikacin Laburare: Ba faɗa, ɗana, gara da ka tambaya. Tun fitowarsa a ƙarshen 2022 muke ganin abu ɗaya: yana iya ƙirƙiro manazartar da babu ita a duniya. Zai ba ka sunan masani na gaske, da sunan mujalla ta gaske, da shekara da shafi, amma muƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Mai jarrabawa ya nemi guda ɗaya ya rasa, shi ke nan ya daina yarda da sauran aikin. Duk manazartar da za ka sa, ka nemo ta da kanka a Google Scholar, ko ka bi lambarta ta DOI, wato lambar shaidar muƙala a intanet, ka buɗe ka karanta.

Wuraren samun na gaske kuwa suna nan. AJOL na tara mujallun Afirka tun 1998, har da na nan gida irin su BAJOPAS ta Jami'ar Bayero. DOAJ jerin mujallu ne da ake karantawa kyauta. Akwai kuma Research4Life, wanda ya ƙunshi Hinari na lafiya da AGORA na noma, ka tambayi laburaren makarantarku ko sun yi rajista. Don tsara manazarta ka sauke Zotero, kyauta ne, yana haɗuwa da Word. Ka shigar da kowane aiki ranar da ka karanta shi, kada ka bari sai daren miƙa kundi.

Injiniya: Ni ban ga laifi ba idan mutum ya rubuta nasa, ya ba na'urar ta gyara masa nahawu.

Dakta na Rijiyar Zaki: Da sharaɗi biyu: dokar makarantarsa ta yarda, kuma ya karanta gyaran jimla bayan jimla, don takan sauya ma'ana tana gyaran nahawu. Abin da ba zan karɓa ba shi ne ta yi masa tunanin. Ranar kare kundi tambaya ta farko ke tona wannan. A ce me ya sa ka zaɓi wannan ra'in ka bar wancan, sai mutum ya tsaya yana kallon shafin da ke ɗauke da sunansa kamar yau ya fara ganin sa.

Abu Fatima: Ai akwai masu shagunan buga takardu da ke cewa za su sauke maka kason Turnitin, manhajar nan da ake duba kwafe da ita, in ka biya.

Ma'aikacin Laburare: Kada ka kai kanka. Turnitin kamanceceniya yake aunawa tsakanin rubutunka da abin da ke rumbunsa, ba shi ke yanke hukuncin satar fasaha ba, mutum ne ke dubawa ya yanke. Kaso na iya hawa saboda jerin manazarta da maganganun da aka ɗauko cikin alamar zancen wani bisa ƙa'ida, ana kuma iya ware waɗannan a saitinsa. Yana iya sauka ƙasa alhali tunanin gaba ɗaya na wani ne, an sauya kalmomi kawai. Masu saukewar nan musanya kalmomi suke yi barkatai har jimla ta rasa ma'ana. Hanyar da ke aiki ita ce ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta, ka buɗe ka gwada, sannan ka faɗi mai maganar.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai. Tambaya ƙarama: a manazarta wasu sun ce in sa garin da aka buga littafi, wasu sun ce a'a.

Ma'aikacin Laburare: Ya danganta da salon. Salon rubuta manazarta na APA bugu na bakwai, wanda ya fito a 2019, ya cire garin maɗaba'a, na shida ne ke sa shi. Haka kuma a na bakwai idan marubuta sun kai uku, sunan na farko kaɗai ake ambata a cikin rubutu tun karon farko. Injiniyoyi da yawa IEEE suke bi, likitoci Vancouver, dukansu da lambobi. Littafin jagora na makarantar karatun gaba da digiri shi ne alƙali. Ki nemo shi, ki tsaya kan salo ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ɗan Kurna: An kuma ce sai mun buga muƙala kafin a kammala. Wata mujalla ta turo mini saƙon imel, wai cikin kwana uku za ta buga in na biya.

Dakta na Rijiyar Zaki: Ka share saƙon. Mujalla ta gaske sai ta tura aikin ga masana su tantance, abin da kan ɗauki makonni ko watanni, kuma da wuya ya dawo babu gyara. Ka nuna wa malaminka sunan kowace mujalla kafin ka tura ko sisi.

Abu Fatima: Duk na ji, amma a duba halinmu. Yawancinmu ma'aikata ne, ga iyali, ga wuta ba tabbas. Na tashi aiki ƙarfe huɗu, cunkoson Kabuga ya riƙe ni har magariba. Yaushe zan zana jadawali in karanta daga sama zuwa ƙasa?

Malama ta Gwale: Ba wanda ya musa, Abu Fatima, mu ma da goyo muka yi namu. Abin da na gani yana aiki ga mutane irinmu shi ne ɗan lokaci kullum, musamman bayan asuba kafin gida ya tashi. Sakin layi ɗaya a rana ya fi jiran hutun ƙarshen shekara, domin wanda ya bar aiki wata biyu sai ya ɓata mako yana tuno inda ya tsaya. Ba sai da kwamfuta ba, littafi da biro sun isa, ka buga ranar da aka kawo wuta. Abu na biyu, kada malaminka ya zama mutum na farko da zai ga rubutunka. Yana da ɗalibai da yawa, in ya ƙare ƙarfinsa kan waƙafi da aya ba zai kai ga hujjarka ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku riƙa musayar shafuka.

Ɗan Tarihi: Wannan za mu iya fara shi a nan. Masu so su haɗu ranar Asabar da hantsi, mu nemi wuri a Laburaren Murtala Muhammad ko wani wuri da ya fi kusa da kowa.

Maman Khalil: Ni fita ranar Asabar zai yi mini wuya saboda Islamiyyar yara. Ko mu mata mu yi namu ta WhatsApp, in Malama za ta riƙa leƙa mu?

Malama ta Gwale: Zan leƙa, in sha Allahu. Amma shafi biyu kacal kowa zai turo a mako, ba babi sukutum ba, kuma wadda ba ta karanta na 'yar'uwarta ba ba za a karanta nata ba. Ku turo a fayil ɗin Word don a iya yin gyara a gefe, kada a ɗauki hoton allon kwamfuta da waya. Mai so ta yi mini magana ta gefe kafin Alhamis, ta faɗi fanninta da babin da take kai.